Jan Murfi da Farin Murfi

Shekarar da na gama sakandare sakamakona bai yi kyau ba, sai mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni wajen wata Hajiya mai sana'ar yaji a nan Tudun Wada. Sau uku tana zuwa roƙo kafin a ɗauke ni, kuma ba ta bari na manta da hakan ba. Ɗaki guda Hajiya ta ware a bayan gidanta, nan ake daka, a tankaɗe, a ɗura a ƙananan robobi, masu shaguna suna zuwa sari har daga Gyallesu. Aikina rufe murfi da liƙa takarda, da duk wani aiken da ke buƙatar ƙafa. Ina da sauri, kowa ya shaida. Ina kuma da baki, shi ma an shaida.

Mai haɗa yajin wata tsohuwa ce da duk muke kira Inna. Tun kafin a haife ni take tare da Hajiya. Ita ke zaɓen barkono, ta shinshina citta ta ce wannan ta sha ruwa a mayar wa mai ita, ta soya daddawa da kanta don ba ta yarda da hannun kowa ba. Ba ta awo da komai sai tafin hannunta. Ba mu jituwa ni da ita. Ta ce ina rufe murfi kamar ina dambe da shi, ni kuma na ce da tana sauri yadda take mita da tun azahar mun tashi. Jikoki uku take riƙe da su, 'ya'yan ɗanta da ya rasu, kuma dakan nan shi ne tuwonsu.

Hajiya tana da ɗan ƙane da ke karatun kasuwanci a jami'a, a reshenta na Kongo nan cikin gari. A gabansa Yaya muke ce masa, a bayan idonsa ɗan Kongo. Ba mugu ba ne, sai dai idan ya fara bayani ba ya jin kira. Shi ya zo da maganar injin niƙa da sabon haɗi: barkono, gishiri, dunƙulen ɗanɗano da ɗan kala, babu daddawa, babu masoro, babu kimba. Ya ce inji zai niƙe a awa ɗaya abin da ake kwana biyu ana dakawa. Matsalar ɗakin ɗaya ne. Idan inji ya shiga, turame za su fita, kuma sabon haɗin ba ya buƙatar tafin hannun kowa. Hajiya ta ce ba za ta taɓa abin da ya rufa mata asiri shekara da shekaru ba sai ta ga hujja. Ya ce zai kawo mata, kuma ba hujjar baki ba, ta sikeli.

Dabararsa ta burge ni a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ya ce tambayar mutane ɓata lokaci ne, duk wadda ka tambaya za ta ce da daɗi, Allah ya ƙara buɗi. Don haka za a zaɓi gida arba'in cikin masu sayen yajinmu, a ba kowane gida roba biyu masu nauyi ɗaya. Mai jan murfi sabon haɗi, mai farin murfi na Inna. Bayan kwana goma a koma a auna, wadda ta fi raguwa ita aka fi so. Tunda shi ba zai shiga gidan matan aure ba, ni zan kai, ni zan auno. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, ya maimaita har na gaji: kada na gaya wa kowa wanne ne wanne.

A gidan farko na karya shi. Matar ta tsare ni da tambaya, me ya sa biyu, me ya bambanta su, ko akwai wanda ba a ba yara. Rana tana dukana, ga robobi fal buhu, ga gida talatin da tara a gabana. Na ce mata farin na Inna ne da ta saba, jan kuwa sabo ne Hajiya ta fito da shi da kanta, tana so ta ji ko ya karɓu. Nan take ta bar tambaya ta karɓa. Da na ga maganar tana gajarta mini tsayuwa, sai na riƙa faɗinta a kowane gida tun kafin a tambaya.

Ranar awo na ari sikeli wajen wata Madam 'yar Ibo da ke sayar mana da robobi a bakin titi. Ƙarami ne mai batir. Ta nuna mini yadda zan ajiye shi a ƙasa inda babu tudu babu kwari, na jira ya koma sifili, ta ce idan na fasa mata shi ta san gidanmu. Ɗan Kongo ya ba ni takarda mai layi arba'in, kowane layi da lambar gida, nauyin ja, nauyin fari.

A wani gida nan bayan layinmu na tarar da jar robar a tsakar gida, a buɗe, yara sun kewaye ta suna dangwala ɗanyen mangwaro. Saura kaɗan a gindi. Da na nemi farar, matar ta shiga ɗaki, na ji ƙarar kwanuka, ta fito da ita a naɗe cikin leda, ko rabi ba a ci ba. Ta ce wannan ta maigida ce, sai kuma ƙanwarta mai jego da take ɗibar wa. Na auna, na rubuta.

A Gyallesu wata ta ce na zauna tana zuwa. Na zauna har ƙafata ta yi tsami. Iska ta ɗaga labulen kicin, na hango ta tana juye jan yajin cikin baƙar leda, ta ƙulle, ta tura bayan buhun gawayi. Ta fito tana goge robar da bakin zani, tana murmushi, ta ce na gaida Hajiya, na gaya mata har sun kusa cinyewa. Na auna, na rubuta. Bayan ita, duk gidan da aka ce mini tana zuwa, na san abin da ake yi a ciki, kuma gidajen ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Wata ta ce jan ba laifi, sai dai sai ka zuba cokali uku kafin ka san ka zuba wani abu. Wata malamar makaranta a Hanwa kuma da gaske jan take so, ta ce yaranta ba sa ƙaunar warin daddawa, farar ma ba ta buɗe ba. Duk wannan babu layinsa a takardar. Saura gida biyar batir ya mutu. Ban koma neman wani ba. Na riƙa jinjina robobin a hannu ina rubuta abin da ya zo mini.

Ranar Alhamis ɗan Kongo ya zo da kwamfuta, ya buɗe a falon Hajiya. An kira ni na riƙe takardar. Ya nuna zane, dogon jan sanda kusa da guntun fari. Gida talatin da ɗaya cikin arba'in, jan ya fi raguwa. Hajiya ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ba shi ya faɗa ba, sikeli ne. Ta juyo ta tambaye ni ko duk gidajen na shiga, na ce na shiga. Gaskiya ce, iyakarta ke nan. Ta cire tabarau ta ce to, a gaya wa mai inji ya kawo ranar Litinin. Inna kuma, ta ce ita da kanta za ta yi mata magana, za a sallame ta cikin mutunci.

Ban san wanda ya gaya wa Inna ba, wataƙila ba wanda ya gaya mata. Ranar Juma'a da za ta tafi ta ɗauki faifanta da ya shekara a rataye a ƙusa. Ranar Asabar ta tafi da kujerarta 'yar tsugunno. Abin da ya fi damuna ta daina mita. Na rufe murfi da ƙarfi da gangan, har ɗaya ya tsage, ta kalle shi ta kau da kai. Da rana na ji tana tambayar ɗaya daga cikin masu daka ko ta san gidan da ake neman mai wanke-wanke, a shekarunta, da gwiwar da sai ta dafa bango take miƙewa.

Na koma gida na kasa cin abinci. Na san abin da na gani, na kuma san idan na buɗe baki tambayar farko da za a yi mini ita ce yaya aka yi matan suka san jan na Hajiya ne. Hajiya ta taɓa korar wata yarinya a kan ta ce ta kai saƙo alhali ba ta kai ba, ko rantsuwarta ba ta saurara ba. Ina tuna fuskar mahaifiyata a zuwa na uku, da yadda ta durƙusa. Na gaya wa kaina ai zanen ba ni na yi ba, ni lamba kawai na rubuta, kuma lambobin sikeli ne ya ba ni, ban da biyar.

Da yammacin Asabar ɗin na tare ɗan Kongo a ƙofar gida yana shirin hawa babur. Na ba shi labarin baƙar leda. Ya yi dariya ya ce gida ɗaya ke nan, kuma labari daban, ƙididdiga daban, shi ya sa aka ɗauki arba'in. Ya ce ma har ya nuna wa malaminsu ya yaba. Sai ya tsaya da dariyar, ya dube ni.

"Ke, ba dai kin gaya musu wanne ne wanne ba?"

Na ce a'a. Ni da ake cewa ba na iya riƙe magana, na riƙe wannan da kyau. Ya tada babur ya tafi.

Ranar Lahadi da hantsi mai inji ya turo a auna ɗaki. Aka mirgino turame biyu aka jingina su a tsakar gida, rana tana dukansu. Inna ta zo ba don aiki ba. Ta ɗauko taɓaryarta, wadda hannunta ya cinye tsakiyarta har ta yi santsi, tana neman igiyar da za ta ɗaure ta da rariya. Ta tambaye ni ko na ga igiya, cikin murya mai taushi, irin wadda ake yi wa baƙo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ban gani ba, na wuce ta, na shiga falo ko sallamar kirki ban yi ba.

Hajiya tana zaune, ɗan Kongo yana gefe yana nuna mata hoton injin a waya.

"Hajiya, takardar nan ba ta da kyau. Ni na ɓata ta."

Ta ce na zauna. Na ce gara na faɗa a tsaye. Na faɗi duka a jere, ban tsaya numfashi ba don kada na fasa: na gaya wa kowane gida jan nata ne, wasu sun juye shi a leda don kada ta ji kunya, wasu yara suka bar wa, wasu ɓoye farin suka yi suna tsimi, gida biyar kuma da hannu na auna. Ɗan Kongo ya miƙe.

"Jiya na tambaye ki."

"Ka tambaya, Yaya. Ƙarya na yi maka."

Ya juya wajen Hajiya ya ce Gwaggo, yarinyar nan tausayin tsohuwar ne ya kama ta, yanzu ta zo ta rushe aikin mako biyu da labari. Na ce ni da Inna ko gaisuwar kirki ba ma yi, kowa ya sani. Hajiya ba ta kalli ko ɗayanmu ba. Daga bayan gida ina jin mai auna ɗaki yana jan tef. Na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Sai ta ce a miƙo mata takardar da biro.

Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko ta ce gidan wa. Na faɗa. Ta ce me na gani a can. Na faɗa. Ta ja layi a kai. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar a ina aka ɗauko robar, a gabana ko daga ɗaki, an sa ni jira ko ba a sa ba, murfin yana da maiƙon hannu ko tsaf yake. Ta san matan fiye da yadda na san su. Da muka zo kan ta Gyallesu ta ce wannan ai ko toka na aika mata cewa za ta yi sun lashe, ni na yi mata hanyar asibiti lokacin haihuwarta. A kan wata kuma ta ce gidan mutum goma sha ne, ko me ka kai zai ƙare, ba so ba ne, yawa ne. Layin malamar Hanwa kuwa ta bar shi, ta ce wannan ba ta jin kunyar kowa. Biyar ɗin ƙarshe ta soke su da layi ɗaya ba tare da ta ɗago ba.

Da muka gama, layi tara suka rage babu zane a kansu. Ta juya takardar ta nuna wa ɗan ƙanenta.

"A kan tara zan kori mutum?"

Ya yi ta kallon takardar. Ya ce ko ba a gaya musu ba ma, maganar cokali uku da na faɗa matsala ce, bai yi tunanin wanda ya fi ƙarfi zai fi jinkirin ƙarewa ba. Da ƙyar ya faɗa, yana kallon ƙasa, amma ya faɗa. Ya ce sai dai a sake daga farko da wasu gidaje. Hajiya ta ce ba ta da yajin rabo na biyu. Ta ce a koma wa matan nan dai, a gaya musu ɗaya za a ci gaba da yi, ɗayan an bar shi har abada, kuma duka biyun nata ne, ba wanda za ta ji haushi. Kowane gida ya aiko da murfin wanda yake so a bari, murfi kawai, ba suna. Za a ajiye bokiti a zaure a rufe da zani, mai kawowa ya jefa ya wuce, ba sai ya shigo gaisuwa ba. Mai inji kuma ya jira mako ɗaya, idan ba zai iya ba ya sayar wa wani.

Sannan ta dube ni a karon farko.

"Ke za ki kai saƙon, da ƙafarki. Maganata da ke sai an buɗe bokiti."

Kwana biyu na yi ina zagaye. A Gyallesu matar ta tambaye ni sau biyu ko da gaske ba za a san na wa ba ne. Na ce ko ni an hana ni leƙawa. Aka mayar da turame ɗaki. Hajiya ta aika aka kira Inna, ta dawo, amma ba ta dawo da kujerarta ba, a kan buhun barkono take zama. Daga inda nake rufe murfi ina jin duk wanda ya shigo zaure, ina jin ƙarar murfi ya faɗa bokiti. Idan ja ya sake rinjaye, to na tona wa kaina asiri a banza, Inna ta tafi, ni ma na bi ta. Na san akwai masu son jan da gaske, ban dai san yawansu ba, kuma a makon nan na gane ban taɓa sani ba. Sau ɗaya na kai hannu kan zanin, na ji tarin Hajiya daga ciki, na janye.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ɗan Kongo ya juye bokitin da kansa. Inna tana ɗakin daka, ta ƙi fitowa, amma dakan ya tsaya. Ya ware su gida biyu, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Fari ashirin da huɗu, ja tara. Ya ce gida bakwai ba su aiko ba, ya kamata a san dalili. Hajiya ta ce ko duka bakwai ɗin ja ne ba su kamo ba, kuma ba za ta bi mutane gida tana tambayar murfi ba.

Ba a sayi inji ba. Jan ba a bar shi gaba ɗaya ba duk da abin da aka gaya wa matan, ana kai kaɗan niƙa kasuwa saboda mutanen Hanwa da ɗaliban da ɗan Kongo ya samo mana. Ni kuma Hajiya ta kira ni falo ta ce ba ta kore ni ba, ba kuma don ni ba, don uwata. Ta ce daga yau na bar aike, tunda ba a iya ba ni magana na kai ta yadda take. Ta mayar da ni tankaɗe, aikin da kowa ke gudu, inda barkono ke shiga hanci da ido har ka koma gida kana atishawa. A ƙarƙashin Inna.

Ranar Litinin Inna ta shigo da kujerarta a ka, ta ajiye ta inda take a da, ta mayar da faifai kan ƙusa. Ba ta ce mini komai a kan abin da ya faru ba, ranar ko bayanta. Ta miƙo mini rariya, ta zauna tana kallona ina tankaɗe, hawaye na zuba. Can ta ce a hankali, 'yar nan, rabin yajin a kan zaninki yake, wa ya koya miki tankaɗe kamar ana kora ki. Na ce da tana daka yadda take magana da tuni na gama. Ta ce na rufe mata baki na kawo citta.